RUWA YA DAWO ADAR, AMMA DA SABON HALI

Fiye da shekaru 40 bayan farin 1984, binciken masana kimiyyar ƙasa da yanayi ya sauya abubuwa da dama daga cikin waɗanda aka daɗe ana faɗi game da hamada, da ruwan sama, da itatuwan Sahel. Kaso mai yawa na wannan bincike a cikin Nijar aka yi shi, wani ma a gonakin jihar Tawa, kuma sakamakonsa ya shafi rumbun manomin Tebaram kai tsaye.

A Tebaram, yamma da birnin Tawa, idan watan Yuni ya kama, idon kowa gabas yake kallo. Daga can hadari yake tasowa, jar ƙura a gaba, iska na biye da ita, sannan ruwa, idan Allah ya nufa. Manomi ya riga ya gama sassabe, wani ma ya yi binne, ya zuba irin hatsinsa cikin busasshiyar ƙasa yana jiran sa'a. A wannan yanki na arewacin Adar damana ba ta cika wuce wata uku ba, kuma abin da ake samu a shekara mai matsakaicin ruwa yana tsakanin milimita 300 da 400. Iyakar noma ta arewa, wadda dokar 1961 ta shata domin raba ƙasar manoma da ta makiyaya, ba ta da nisa daga nan. Wuri ne da hadari biyu ko uku kan raba shekarar ƙoshi da shekarar da samari za su watse zuwa bida tun kaka ba ta ƙare ba.

Tsofaffin yankin sun daɗe suna faɗin cewa ruwa ya dawo idan aka kwatanta da shekarun fari, amma ba irin na zamanin ƙuruciyarsu ba ne. Na yanzu yakan zo da fushi, ya zuba cikin awa ɗaya abin da ya kamata ya zuba cikin mako biyu, ya yanke gona, ya kwashe shuka, daga nan sama ta washe har hatsi ya fara murɗewa. Masu bincike sun auna wannan magana da ma'aunin ruwa da kuma tauraron ɗan'adam, sun tarar tsofaffi suna da gaskiya.

LAIFIN WA NE FARI?

Shekarun 1950 shekaru ne na yalwar ruwa a duk faɗin Sahel, kuma a lokacin ne gonaki suka yi ta matsawa arewa. Daga 1968 ruwa ya soma ja da baya, har aka kai ga masifar 1973, sannan ta 1984 wadda ta fi ta muni wajen ƙarancin ruwa. Tsakanin shekarun 1950 da na 1980 ruwan Sahel ya ragu da kusan kashi 30 bisa 100, raguwar da ba a ga irinta a wani yanki mai faɗi haka ba cikin ƙarni na 20. Bisashe sun mutu, garuruwa sun tashi, mutane sun koma cin anza.

A 1975 wani masanin yanayi na Amurka, Jule Charney, ya kawo bayanin da ya samu karɓuwa ƙwarai. A ganinsa, idan dabbobi suka cinye ciyawa kuma aka sare itatuwa, ƙasa takan yi fari ta riƙa mayar da hasken rana sama, iskar da ya kamata ta tashi ta haɗa hadari sai ta kwanta, ruwa ya ragu. A cikin wannan shekara kuma wani masani, Hugh Lamprey, ya ƙiyasta cewa a Sudan hamada tana ci gaba da kilomita 5,5 a kowace shekara. Maganganun nan biyu suka shiga rahotanni da jawabai, aka wayi gari makiyayi da akuyarsa, da manomi da gatarinsa, su ne manyan waɗanda ake tuhuma.

Hotunan tauraron ɗan'adam ne suka fara warware wannan ra'ayi. A 1991 Compton Tucker na hukumar NASA da abokan aikinsa suka nuna cewa bakin Sahara yana tafiya yana dawowa gwargwadon ruwan shekara: ya gangaro kudu da kusan kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, ya koma arewa da kilomita 110 cikin shekara ɗaya da ruwa ya samu a 1985. A 2003 kuma Alessandra Giannini da abokanta suka buga wani bincike a mujallar Science, inda suka nuna cewa sauyin zafin ruwan tekuna ya isa ya bayyana mafi yawan farin Sahel. Iskar damana daga tekun Atlantika take ɗauko danshi, kuma idan arewacin tekun ya yi sanyi bisa ga kudancinsa, iskar ba ta samun ƙarfin kaiwa can arewa. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, mai ɗauke da farar wuta, yana cikin abubuwan da suka sanyaya arewacin tekun a waɗannan shekaru. Wato wani ɓangare na yunwar da ta ci Adar daga bututun hayaƙin ƙasashe masu nisa ya taso.

Wannan bai wanke gatari daga dukan laifi ba. Sare daji bai hana hadari tasowa ba, amma shi ne ya sauya abin da ƙasa take yi da ruwan idan ya sauka, kuma a nan ne sauran labarin yake.

HADARI YA ƘARA ƘARFI

Kusan kashi 90 bisa 100 na ruwan Sahel yana zuwa ne daga manyan hadura masu tafiya daga gabas zuwa yamma, waɗanda faɗin guda ɗaya kan kai ɗaruruwan kilomita. A 2017 wata tawagar masana ƙarƙashin Christopher Taylor na ƙasar Ingila ta duba hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru 35, ta buga sakamakonta a mujallar Nature: yawan hadura mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Dalilin da suka bayar shi ne ɗumamar Sahara. Yayin da hamada ke ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita, bambancin zafi tsakanin arewa da kudu yana ƙaruwa, iskar sama da ta ƙasa suna ƙara saɓa wa juna, kuma irin wannan saɓani shi ne abincin babban hadari.

Ma'aunan ruwa da ke ƙasa sun ba da shaida irin wannan. Cibiyar bincike ta Faransa, IRD, wadda a da ake kira ORSTOM, tare da jami'ar Abdou Moumouni, sun soma kula da ma'aunai masu yawa a kewayen Yamai tun farkon shekarun 1990. Lissafin da aka yi da su da na sauran tashoshin Sahel ya nuna cewa jimillar ruwan shekara ta farfaɗo, amma kwanakin da ake ruwa ba su koma yadda suke a shekarun 1950 ba. Ruwan da ya ƙaru, a cikin manyan hadura ya ƙaru. Ga mai lissafi shekara ta yi kyau idan jimilla ta kai milimita 400. Shi kuwa hatsi bai san jimilla ba, abin da ya sani shi ne kwana nawa ya yi yana jira tsakanin ruwa da ruwa, musamman lokacin da yake fitar da kai.

Ɗaya fuskar wannan hali ita ce ambaliya. A watan Satumba na 2020 kogin Isa ya kai santimita 700 a Yamai, tsayin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan. A damanar 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, jihar Tawa na cikin waɗanda abin ya taɓa, kuma tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta ƙiyasta cewa ɗumamar duniya ta ƙara wa ruwan wannan shekara tsanani da kashi 5 zuwa 20 bisa 100 a yankunan kogin Isa da tabkin Cadi.

INA RUWAN YAKE TAFIYA?

Tun a shekarun 1980 masu auna koguna suka lura da wani abin mamaki: ruwan sama ya ragu, amma ruwan da ke gudu cikin ƙoramu da tabkuna ya ƙaru. Bayaninsa yana kan fuskar ƙasa. Inda ciyawa da ganye suka rufe ƙasa, ɗigon ruwa yakan sauka a hankali ya nutse. Inda ƙasa take tsirara, ɗigon yakan daki ƙasa ya farfasa ta, ƙananan ƙwayoyin laka su toshe ƙofofinta, rana ta gasa su, a sami ɓawo mai tauri. Wannan shi ne fako, wanda duk mutumin Adar ya san shi a kan tuddai da gindin duwatsu. Ruwa ba ya shiga fako, gudu yake yi a kansa, ya haɗu ya zama gebe, geben ya ci gona, ya kwashi rairayi ya zube shi cikin fadama.

Tabkin Dan Dutsi, kudu da Tebaram, misali ne da ke kusa. A da kwari ne da ke riƙe ruwa na ɗan lokaci, sai a watan Yuli na 1974, daidai ƙarshen babban fari, ya cika ya zama tabki mai ɗorewa. A 2005 aka sa shi, tare da na Tabalak, cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar.

A ƙasar Zabarmawa, gabas da Yamai, masana Christian Leduc da Guillaume Favreau sun bi diddigin rijiyoyi, suka tarar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kusan mita 4 tsakanin 1963 da 2007, duk da shekarun fari. Ruwan da ya gudu daga gonakin da aka sassabe ya taru a tabkuna, daga ƙasan tabkunan ya tsiyaya zuwa cikin rijiya. Sai dai riba ce mai tsada, domin ruwan da rijiya ta samu shi ne wanda saiwar hatsi ta rasa, kuma tare da shi ƙasar noma mai kyau ta tafi.

ABIN DA AKA GWADA A ADAR

Idan matsalar ita ce gudun ruwa, maganinta shi ne a tsayar da shi inda ya faɗi, kuma jihar Tawa na cikin wuraren da aka fi gwada haka a Afirka. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa layukan dogon yaro domin karya iska. A watan Mayu na 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron Maradi kan yaƙi da hamada, kuma a cikin wannan shekara aka buɗe aikin Keita da kuɗin Italiya, tare da hukumomin FAO da PAM. An jera duwatsu, an haƙa ramuka a jikin tuddai, an gina madatsai a cikin gebe, an dasa itatuwa kusan miliyan 18, an farfaɗo da fiye da hekta 30.000. Mafi yawan hannuwan da suka ɗauki waɗannan duwatsu na mata ne, saboda a lokacin rani maza suna wajen bida.

Aikin da ya fi yaɗuwa da ƙafarsa, shi ne mafi ƙarancin tsada. A 1989 wani shiri na hukumar FIDA ya kai wasu manoman Illela ziyara Yatenga, a Burkina Faso, inda suka ga yadda manoma irin su Yacouba Sawadogo suka kyautata tsohuwar dabarar haƙa rami a fako. Da suka dawo sai suka gwada a wajen Badagishiri, aka ci gaba da kiran abin da sunan da aka san shi da shi, tassa. Ana haƙa rami da rani, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki cikin tafin hannu ɗaya ko biyu. Gara takan zo cin takin, ta huda ƙasa, ruwan farko ya taru ya bi hanyoyinta ya nutse. Awon da aka yi daga 1991 zuwa 1996 ya nuna matsakaicin amfanin kilo 513 a hekta a gonakin tassa, alhali gonakin da ba a taɓa ba kilo 125 suka bayar. Fakon da a da ko kyauta ba mai so, sai ga shi ana saye ana sayarwa. A garin Batodi, cikin gundumar Illela, masanin ƙasar Holan Chris Reij ya ba da rahoton cewa ruwan rijiyoyi ya hau da kusan mita 14 tsakanin 1994 da 2004, bayan mutanen garin sun cika fakonsu da tassa da rabin wata, har mata suka buɗe garakan albasa. Bambancin Batodi da ƙasar Zabarmawa shi ne a nan ruwan ya bi ta gona kafin ya isa rijiya.

ƘIDAYAR ITATUWA DAGA SAMA

A Maradi, tun 1983, wani ma'aikacin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsiron da manoma ke sarewa kowace shekara toho ne na kututturan da saiwarsu ke raye. Idan aka zaɓi reshe biyu ko uku aka bar su, aka datse sauran, cikin ƴan shekaru sai su zama icce. Dabarar da ake kira sassaben zamani ke nan. Ta yaɗu daga gona zuwa gona ba tare da wani ya san iyakarta ba, har sai da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka ya kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da na 2003. A Galma, kusa da Madawa, hoton farko fili ne kusan tsirara, na biyu kuwa cike yake da ɗigon itatuwa, duk da cewa mutanen garin sun ƙaru. Tappan, da Reij, da masanin Nijar Mahamane Larwanou da wasunsu suka ƙiyasta cewa manoman Nijar sun raya itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maradi da Damagaram, da wani sashe na Tawa.

Ƙiyasi ne aka yi a lokacin, amma daga baya aka samu hanyar ƙidaya ɗaya bayan ɗaya. A 2020 Martin Brandt na jami'ar Kopenhagen, a Danmark, ya zana kusan itatuwa 90.000 da hannunsa a kan hotunan tauraron ɗan'adam masu iya nuna abu mai faɗin rabin mita, ya koya wa na'ura mai ƙwaƙwalwa gane icce, ita kuma ta ƙidaya fiye da miliyar 1,8 a yammacin Sahara da Sahel. A 2023 aka faɗaɗa aikin, ƙarƙashin Compton Tucker, zuwa busassun ƙasashen da suka miƙa daga tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, har da Nijar: itatuwa miliyar 9,9, ɗauke da tan miliyan 840 na sinadarin kabon. Taswirorin duniya na da ba sa ganin waɗannan itatuwa, domin kurmi kawai aka gina su su gani. Yanzu gawo ko aduwar da ke tsaye ita kaɗai a gonar Tebaram tana iya fitowa a lissafi, kuma idan aka sare ta ana iya ganin gurbinta.

Gawo ya cancanci a ambace shi daban. Yana zubar da ganyensa da damana, don haka ba ya yi wa hatsi inuwa, ganyen ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa kuma abincin bisashe ne a tsakiyar rani. Kalgo da sabara suna tare ƙurar da iska ta ɗauko, magarya da aduwa suna ba da abin kai wa kasuwa. Doka ma ta biyo bayan manomi a hankali: tsarin dokokin karkara na 1993, dokar gandun daji ta 2004, sannan dokar watan Yuli na 2020 wadda ta amince da haƙƙin manomi a kan iccen da ya raya a gonarsa. Muddin icce na hukuma ne, manomi kallon abin tara yake yi masa. Ranar da ya zama nasa, ranar ya fara tsaronsa.

ABIN DA YA RAGE GA TEBARAM

Ba duk abin da ya yi a Galma ko Batodi zai yi daidai haka a arewacin Adar ba. Ruwa ya fi ƙaranci, icce ya fi jinkirin girma, kuma gonaki suna maƙwabtaka da burtalin makiyaya, ta yadda tohon da ba a yi yarjejeniya a kansa ba raƙumi ko akuya za su gama da shi kafin damana ta zagayo. Tassa tana son taki, taki kuwa a wurin mai dabba yake, saboda haka zaman lafiya tsakanin manomi da Bafillace da Buzu yana cikin sharuɗɗan aikin. Tana kuma son ƙarfi a watannin Maris da Afrilu, daidai lokacin da majiya ƙarfi suke Abijan, ko Najeriya, ko Libiya. Ga yawan jama'a: ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da miliyan 3,3 a jihar Tawa kaɗai, adadin da ya kai na Nijar baki ɗaya lokacin samun mulkin kai a 1960. Ga kuma rashin tsaro a arewa maso yammacin jihar, wanda harin yankin Tiliya na watan Maris na 2021, inda mutum 137 suka rasu, ya nuna girmansa, kuma wanda ke hana ma'aikacin gona da mai bincike isa wurare da dama.

Duk da haka sakamakon binciken yana nuna hanyoyi a fili. Tun da hadura masu tsanani sun ƙaru, madatsai da gadoji da magudanan da aka auna su da ruwan shekarun fari suna bukatar a sake lissafinsu, kuma bai kamata a bar kowa ya gina gida a bakin gebe ba. Tun da tazara tsakanin ruwa da ruwa ita ke kashe hatsi, duk dabarar da za ta ajiye danshi a gindin shuka ta fi muhimmanci yanzu bisa ga lokacin da aka ƙirƙiro ta. Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tun 1974 tana fitar da hasashen damana kafin shuka, amma amfaninsa yana ga isarsa kunnen manomi cikin harshensa, ta gidajen rediyon karkara, a kan kari. Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa da cibiyar INRAN su ne mafi kusa da za su iya ɗaukar nauyin auna ruwan sama da zurfin rijiyoyin wannan yanki shekara bayan shekara, domin tauraron ɗan'adam yana ganin icce daga sama, amma zurfin rijiya sai an zura igiya.

Hausawa na cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. Manomin Tebaram ba shi da iko a kan zafin teku ko na Sahara, amma yana da iko a kan taku ɗari na farko da ruwa zai yi bayan ya taɓa ƙasa. Ko ya tsaya cikin tassa a gindin hatsi, ko ya bi fako ya faɗa gebe da ƙasar gonar a bayansa, wannan aiki ne da ake yanke shi tun da rani, kafin jar ƙura ta taso daga gabas.